HAƘORIN YARO AMANA CE: Nasiha ga Samarin Jibiya da Kewaye

Da sunan Allah nake farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, Wanda Ya fito da mu duniya ba mu da haƙori ko ɗaya, Ya tanadar mana nono tun ba mu iya tauna ba, sa'an nan Ya tsirar mana da haƙora daidai lokacin da muke bukatarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi.

Na san idan ka ga kan wannan ɗan littafi za ka ce: "Malam, duk matsalolin da ke damunmu a bakin iyakar nan, ga rashin tsaro, ga tsadar abinci, ga rashin aikin yi, ba ka ga abin yin wa'azi a kai ba sai haƙorin jariri?" To, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Addinin nan bai bar babba ba, bai bar ƙarami ba. Kuma mutumin da bai tsare ƙaramar amana ba, wa zai ba shi babba?

Kai na nufa da maganar nan musamman, domin kai ne wa, kai ne kawu, kai ne baffa, wataƙila ma kai ne sabon uba. Kai ne mai babur. Kai ne yara ke rugowa su tara idan ka dawo gida. Sau da yawa a hannunka abin ke faruwa.

FASALI NA 1: ABIN DA YA FARU A HANNUNA

Ba labarin wani zan fara ba ka ba, nawa ne. Lokacin ina saurayi kamarka ina kabu-kabu tsakanin cikin garin Jibiya da Magama, inda ake tsallakawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Wata ranar Lahadi, ranar kasuwa, na tashi fita sai 'yar wana ta biyo ni tana kuka, sai ta bi ni. Shekararta biyu da rabi. Na ɗauke ta na ɗora a kan tanki, ta kama ƙarfen kan babur tana dariya. Uwarta ta leƙo ta ce, "Ka dai yi a hankali da ita." Na ce, "Haba, yau na fara?"

Ba mu yi nisa ba, wata mota mai kaya da ke gabana ta tsaya ba zato. Na taka birki da ƙarfi. Wallahi ko faɗuwa ba mu yi ba. Amma bakin yarinyar ya daki ƙarfen. Haƙori ɗaya na sama ya faɗo ƙasa, na kusa da shi kuwa ya nutse cikin dasashi har ba a ganinsa, muka ɗauka shi ma ya fita. Jama'a suka taru. Wannan ya ce tsautsayi ne. Wancan ya ce, "Ai haƙorin nono ne, dama zai famfara." Aka wanke mata baki, na saya mata alewa, muka koma gida. Ba wanda ya yi zancen asibiti, har ni.

Sai da ta wuce shekara 7 sakamakon ya bayyana. Sabon haƙori ɗaya ya fito da tabo mai ruwan ƙasa da ɗan rami a fuskarsa. Ɗayan ya yi ta jinkiri, da ya fito kuma sai ya fito a karkace. Da muka kai ta wurin likitan haƙori a Katsina, bai yi wata doguwar magana ba, sai ya ce: "Ta taɓa buge baki tana ƙarama?" Na sunkuyar da kai.

Yanzu ta yi aure har da 'ya'yanta, kuma ba ta taɓa yi mini gorin abin ba ko sau ɗaya. Amma har yau idan za ta yi dariya sai ta ja gefen hijabi ta rufe baki. Duk lokacin da na ga haka sai in tuna birkin nan. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

FASALI NA 2: "AI ZAI FAMFARA"

Wannan kalma ita ce ta cuce mu ranar, kuma ita ce ke cutar yara da yawa. Bari in gaya maka yadda Allah Ya tsara abin, ka ga ko akwai wasa a ciki.

Haƙoran nono guda 20 ne, 10 a sama, 10 a ƙasa. Galibi na gaba na ƙasa ke fara fitowa, wajen wata 6 da haihuwa, kafin yaro ya cika shekara 3 sun kammala. Famfara tana farawa wajen shekara 6 da haƙoran gaba. Amma na can ciki, waɗanda ake tauna da su, suna nan har shekara 10 zuwa 12. Ka ga ke nan haƙorin da ka raina zai yi wa yaro aiki shekara da shekaru. Haƙoran girma kuwa, idan sun cika, 32 ne.

To, a ina haƙorin girma yake lokacin da yaro ke da shekara 2? Yana nan a cikin ƙashin muƙamuƙi, ana gina shi a hankali, dab da saiwar haƙorin nono, tsakaninsu ba wata tazara. Idan aka doki haƙorin nono ya nutse, saiwarsa tana iya zungurar na girman tun bai gama ƙwari ba. Kamar ka taka sabon daɓen siminti ne tun bai bushe ba, sawunka yana nan har abada. Shi ya sa haƙorin yakan fito da tabo fari ko rawaya ko ruwan ƙasa, ko ya fito da rami, ko ya lanƙwashe, ko ya maƙale a ciki ya ƙi fitowa. Kuma gwargwadon ƙanƙantar yaro lokacin bugun, gwargwadon girman haɗarin.

Ban da wannan, da haƙoran nono yaro ke tauna abinci. Yaron da bakinsa ke ciwo ba ya ci, wanda ba ya ci kuwa ramewa zai yi. Da su yake koyon magana. Kai da ka yi tajwidi ka san akwai haruffa, irin su ta da dal da ɗa, waɗanda mafitarsu tana tsakanin kan harshe da tushen haƙoran gaba na sama. Sa'an nan haƙoran nono, musamman na ciki, su ke riƙe wa na girma wuri. Idan ɗaya ya fita tun lokaci bai yi ba, maƙwabtansa sukan matso su cinye filin, na girma ya zo ya rasa mazauni, ya hau kan wani.

Kada kuma ka ɗauka abin ba shi da yawa. Wani bincike da aka tattara daga ƙasashe daban-daban aka buga a 2018 ya nuna kashi 22.7 cikin 100 na ƙananan yara sun taɓa samun rauni a haƙoran nono. Wato fiye da yaro 1 a cikin 5. An fi samunsa a shekarun tatata, lokacin da ƙafa ta fara gudu amma hannu bai iya tare faɗuwa ba, kuma haƙoran gaba na sama su suka fi shan duka.

FASALI NA 3: MATSAYIN HAƘORI A SHARI'A

Ɗan'uwa, buɗe Suratul Ma'ida, aya ta 45. A cikin gaɓoɓin da Allah Ya ambata da sunansu wajen hukuncin ƙisasi, tare da rai da ido da hanci da kunne, akwai haƙori. Abin da Mahalicci Ya ambata da suna, wane ne kai da za ka ce ba komai ba ne?

Buhari ya ruwaito cewa Rubayyi'u 'yar Nadru, gwaggon Anas ɗan Malik, ta karya wa wata yarinya haƙorin gaba. Danginta suka nemi a yafe, aka ƙi. Suka ce za su biya, aka ƙi. Aka kai magana gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanke hukuncin ƙisasi. Bai ce 'yar babban gida ce ba, bai ce ai haƙori ne kawai ba. Sai daga baya dangin yarinyar suka sauko suka karɓi diyya.

Nawa ne diyyar haƙori? A cikin takardar da Annabi ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, diyyar haƙori ɗaya raƙumi 5 ne, alhali diyyar rai gaba ɗaya raƙumi 100 ce. Kai ɗan bakin iyaka ne, ka san raƙumi, ka san kuɗinsa. Ka je kara ka tambayi farashin guda ɗaya, ka ninka sau 5, sa'an nan ka dubi babur ɗin da kake taƙama da shi.

Game da yaron da bai yi famfara ba, malaman fiƙihu sun ce idan aka cire masa haƙori ba a gaggauta hukunci, ana jira a ga ko wani zai tsiro a gurbinsa. Idan aka fid da tsammani bai tsiro ba, hakki ya tabbata a kan wanda ya yi laifin. Dubi hikimar magabata! Tun ba a ƙago na'urar ɗaukar hoton ƙashi ba suka gane cewa ɓarnar da aka yi wa haƙorin yaro ba a ranar ake sanin iyakarta ba. Mu kuwa muna tsaye a bakin titi muna yanke hukunci cikin minti guda: "Zai famfara."

FASALI NA 4: YADDA ANNABI YA KASANCE DA YARA

Muna cewa mu masu bin Sunna ne. Madalla. Amma Sunna ba ta tsaya ga gemu da ɗage wando ba. Ga wata Sunnar da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wata rana Annabi yana kan mumbari yana huɗuba, sai Hasan da Husaini suka shigo sanye da jajayen riguna, suna tafiya suna tuntuɓe. Ya katse huɗubar, ya sauko, ya ɗauke su, sa'an nan ya koma ya ci gaba. Shugaban halitta, a tsakiyar huɗuba, gaban manyan sahabbai! Kai kuwa ƙanenka yana tatata a bakin kwata, kana zaune a kan benci ka duƙufa a kan waya, ko ɗaga kai ba ka yi.

Ibnu Majah ya ruwaito cewa Usama ɗan Zaidu, yana ƙarami, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa ya fasa fuska. Annabi da kansa ya tsaya ya share masa jinin, yana lallashinsa. Bai ce wannan aikin mata ne ba. Buhari da Muslim kuma sun kawo cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Kuma ya yi umurni a tsare yara a gida idan duhun almuru ya fara shiga.

Shi kansa ya ɗanɗani zafin karayar haƙori. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, aka karya masa haƙori, aka ji masa rauni a fuska. Aliyu yana zuba ruwa, Faɗima tana wankewa, har aka samu jinin ya tsaya. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ga bakin yaro yana jini ya ce ba komai ba.

FASALI NA 5: WURAREN DA AMANAR KE SALWANTA

Na farko: babur. Mu mutanen iyaka ne. Da wuya ka sami gida a Jibiya wanda ba shi da dangi a Ɗan Isa ko Madarumfa ko Maraɗi. Biki, suna, ta'aziyya, kullum ana kan hanya. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris na 2024. Duk tsawon lokacin nan zumunci bai tsaya ba, sai dai ya koma kan babur ta hanyoyin rairayi da kwazazzabai, kuma mutane sun saba. To, ka sani yaron da ke kan tanki shi ne a sahun gaba. Idan ka taka birki, ko tayar gaba ta nutse a rairayi, jikinsa zai ci gaba da tafiya, kuma ƙarfen yana daidai bakinsa. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta sa hular kwano a Nijeriya, amma yaushe ka ga ɗan shekara 2 da ita? Kada ka ɗora ƙaramin yaro a kan tanki, ko da zagaya gida ne don ya daina kuka. Kukan minti biyar ya fi tabon shekara hamsin sauƙi. Idan tafiya ta zama dole, a nemi mota. Idan babu sai babur, to babba ya riƙe shi a tsakiya, a tafi a hankali, kuma kada a haɗa yaro da jarkokin mai ko buhuna a babur ɗaya. A mota ma kada a tsayar da yaro a gaba yana dafe da gilashi.

Na biyu: tsakar gida. Ka zagaya gidanku yau ka duba da idon ɗan shekara 2. Dokin ƙofa mai tsawo, bakin rijiya, turmi a kan hanya, duwatsun murhu, fasasshen bulo, ruwan wanki a kan siminti, gado mai tsawo da ake barin jariri a kai shi kaɗai. Kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani kamar yadda ya tabbata a hadisi, kuma hanyar da ta fi cancanta ka fara da ita ita ce ta cikin gidanku. Aikin rabin yini ne da ɗan siminti kaɗan. Haka nan keken nan mai tayoyi da ake zaunar da jariri a ciki wai don ya koyi tafiya da wuri: yakan kife da yaro a kan fuska. Ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004.

Na uku: wasa. Cilla yaro sama kana caɓewa, lilo da shi ta hannu ɗaya, ɗora shi a wuya kana gudu, ba wa yarinya 'yar shekara 6 goyon jariri ta shiga wasan guje-guje da shi. Sau ɗari za ka caɓe, sau ɗaya za ka kuskure. Sa'an nan kada a bar yaro yana gudu da cokali, ko fensir, ko tsinken tsire, ko buroshi a baki. Kai ma ka daina buɗe kwalbar lemo da haƙori a gabansu, abin da suka ga kana yi shi za su yi.

Na huɗu: ɗura. A danne yaro, a toshe masa hanci, a cusa cokalin ƙarfe tsakanin haƙoransa don ya sha kunu ko magani. Wannan yana girgiza haƙori, yana fasa dasashi, yana kuma iya sa yaro ya shaƙe. Idan ka ga ana yi a gidanku ka yi magana cikin ladabi, ko da mahaifiyarka ce.

Na biyar, kuma shi ya fi muni: hannunka. Ka dawo daga boda ranka a ɓace, ba ka samu komai ba, yaro ya zubar maka da ruwa, ka ɗauke shi da mari. Ka ji tsoron Allah! Annabi ya hana dukan fuska, Buhari da Muslim suka ruwaito. Nana A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Ɗan shekara 3 da ko salla ba a umurce shi da ita ba, wane laifi ya yi da ya kai ga mari? Wannan ba tarbiyya ba ce, huce haushi ne a kan wanda ba zai iya ramawa ba. Kuma akwai ranar da za a rama masa.

FASALI NA 6: IDAN ABIN YA RIGA YA FARU

Ka riƙe waɗannan, ka koya wa mutanen gidanku.

1. Ka natsu, ka fara duba kai kafin baki. Idan yaro ya suma, ko yana amai, ko barci ya kama shi ba dalili, ko jini na fita ta kunne, to maganar ta wuce ta haƙori. Asibiti nan take.

2. Ka wanke hannunka, ka wanke bakin da ruwa mai tsabta, ka danne wurin jinin da tsumma mai tsabta kamar minti 10. Kada ka zuba ƙasa, ko garin taba, ko fetur, ko man birki. Wani zai ce ai Faɗima ta ƙona tabarma ta sa tokar a raunin Annabi. Gaskiya ne. Ta yi amfani da abin da ke hannunta a bakin daga. Darasin shi ne a nemi magani da mafi kyawun abin da aka samu, kai kuwa Allah Ya hore maka auduga da asibiti.

3. Ka nemi haƙorin. Idan ba a gan shi ba, to ko ya nutse cikin dasashi, ko guntunsa ya shige leɓe, ko an haɗiye shi, ko ya bi hanyar numfashi. Idan yaro ya kama tari ko numfashinsa ya canza, kada a kwana da shi a gida.

4. Haƙorin nono idan ya fita gaba ɗaya, BA A MAYAR DA SHI. Mayarwar tana iya lalata na girman da ke ƙarƙashi. Amma haƙorin girma hukuncinsa daban. Ka riƙe shi ta kansa, kada ka taɓa saiwar, ka ɗauraye da madara, ka mayar gurbinsa idan za ka iya. Idan ba za ka iya ba, ka tsoma shi a madara, ba nono mai tsami ba, kada kuma ka naɗe shi a takarda ya bushe. Ka kai yaron ga likita cikin awa guda. Yaron da bai kai shekara 6 ba, kusan tabbas na nono ne. Idan ka yi shakka, sa a madara, likita ya raba gardama.

5. Haƙorin da ya nutse kada ka jawo shi. Sau da yawa yakan sauko da kansa cikin watanni, amma likita ne zai riƙa dubawa. Wanda ke girgiza kuma kada a yi ta taɓa shi.

6. Abinci mai laushi mako ɗaya zuwa biyu: kunu, koko, fate, tuwo mai taushi. Ban da rake, aya, ƙuli-ƙuli da ƙashi. A riƙa share wurin a hankali bayan an ci abinci. A tafi da katin rigakafin yaron asibiti a duba ko allurarsa ta cika.

7. A ci gaba da lura har bayan watanni. Idan haƙorin ya yi duhu, a nuna wa likita. Idan ƙurji ya fito a dasashi, ko fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira.

Kada ka raina gyambon baki ga yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda. Akwai cutar da likitoci ke kira Noma, ba noman gona ba, wadda ke farawa daga dasashi ta cinye kumatu da leɓe cikin kwanaki kaɗan, kuma ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan aka kama ta da wuri, magani yana tsayar da ita.

Babban asibitin Jibiya yana kusa da kai. Idan aka tura ka Katsina wurin likitan haƙori, tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Kai da kake zuwa Maraɗi ka dawo a yini ɗaya saboda riba, kada ka ce Katsina ta yi nisa saboda ɗanka.

FASALI NA 7: TAMBAYOYI DA AMSA

Tambaya: Malam, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Abin da Allah Ya ƙaddara sai ya faru.

Amsa: Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ƙaddara ba mafakar mai sakaci ba ce. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Sayyidina Umar ya juyo da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can, bai ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba. Kai kanka kana sa wa babur ɗinka kwaɗo da dare. Me ya sa ba ka bar shi a waje ka ce abin da aka ƙaddara sai ya faru ba? Idan ka yi iyakar ƙoƙarinka abu ya faru, ka ce ƙaddara, ka yi haƙuri, kana da lada. Idan kai ka ɗora yaron a tanki, ka ce astagfirullah.

Tambaya: Laya da ake rataya wa yaro don haƙori ya fito lafiya fa? Da jefa haƙorin famfara kan ɗaki don kada ƙadangare ya gani?

Amsa: Ƙadangare ba shi da hannu a cikin halittar Allah. Haƙorin girma yana nan a ciki tun kafin na nonon ya faɗi, ko ƙadangare ya gani ko bai gani ba. Laya kuwa, Imamu Ahmad ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan rataya ta. Ga kuma igiyar a wuyan jariri, wadda ita kanta haɗari ce. Ka yi wa yaro addu'ar neman tsari irin wadda Annabi ke yi wa Hasan da Husaini, sa'an nan ka gyara dokin ƙofa.

Tambaya: To maganin haƙori na kwalba da ake sayarwa a kasuwa?

Amsa: Ka yi hattara ƙwarai. A ƙarshen 2008 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, ya halaka yara 84 a Nijeriya, kuma asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka fara gano abin. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin 2 shekara 7 kowanne, amma ɗaurin bai dawo da ɗa ko ɗaya ba. Fitar haƙori ba cuta ba ce. Yana sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar yawu da ɗan rigima. Amma zazzaɓi mai zafi da gudawa mai yawa ba haƙori ba ne, ciwo ne, a kai asibiti. Haka kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a ba yara: yana rina haƙoran da ake ginawa a ciki, rinin da buroshi ba ya fitarwa. Maganin da ya yini a rana cikin tire a tasha, ba ka san inda ya fito ba, kada ya shiga bakin ɗanka.

RUFEWA

Ya kai ɗan'uwana, ya tabbata a Buhari da Muslim cewa kowane ɗayanmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Yaron nan bai san ƙarfe ba, bai san birki ba. Ya miƙo maka hannu ne don ya amince da kai. Abu uku nake roƙonka ka yi kafin Juma'a mai zuwa: ka yi alkawari tsakaninka da Allah ba za ka sake ɗora ƙaramin yaro a kan tanki ba, ka zagaya gidanku ka kawar da abin da zai kayar da shi, ka kame hannunka daga fuskarsa. Idan kuma akwai yaron da ya taɓa buge baki a hannunka aka yi shiru, ka kai shi a duba, ka biya kuɗin daga aljihunka, ka nemi gafarar iyayensa. Ni na yi jinkiri. Kai kada ka yi.

Idan ka gama karantawa ka miƙa wa abokinka na tasha. Wanda bai iya karatu ba ka karanta masa.

Allah Ya raya mana zuriyarmu a kan Musulunci, Ya ba su lafiyar jiki da ta zuciya. Allah Ya zaunar da Jibiya da Maraɗi da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya mai da waɗanda aka raba da gidajensu. Allah Ya yafe mana sakacinmu, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.